Kokwamba ta cika gona da fure, 'ya'ya babu

Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan fitowar, dukansu a kan kokwamba. Na bar wa kowa harshensa yadda ya rubuto.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni manomin rani na a fadamar Kwalkwalawa. Albasa da tattasai munka saba, amma bana na gwada kokwamba don na ga tana kuɗɗi lokacin zahi. Ni da maƙwabcina gwangwanin iri guda munka raba. Shi ya shuka nashi farkon Nuwamba, ni ko sai ƙarshen Fabrairu, bayan na tashi albasa. Tashi ta yi ɗiya, ya yi ta kai kaya Ramin Kura. Tawa ta yi yaɗo, ganye shar, hure ya cika gona, amma kullum sai in iske shi zube ƙasa, ɗiya kaɗan. Wasu sun ce mai iri ya cuce ni. Wasu sun ce in tsinke huren banzan don shina shanye ƙarhin taki. Wani ko ya ce akwai maganin da a ka hesawa ta yi ɗiya dole. Mi ya kamata in yi?
Daga wani manomi, Kwalkwalawa

AMSA: Alhaji, Allah ya yi wa noma albarka. Abu biyu nake roƙonka tun kafin bayani: kada ka tsinke furen nan, kada kuma ka je wa mai iri da rigima. Gwangwani ɗaya kuka raba, ta maƙwabcinka ta haihu, saboda haka iri ya fita daga zargi. Watan shuka ne ya raba gonarka da tasa.

Gobe da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, ka shiga gonar ka ɗaga ganye, ka dubi bayan furen. Za ka ga iri biyu. Akwai mai siririn kara, yawanci uku ko biyar cunkushe a gaɓa ɗaya. Wannan namiji ne. Aikinsa ya buɗe da safe, ya ba da garin barbara, ya yanƙwane ya faɗi, kuma ko a gonar da ta fi kowace lafiya haka zai yi. Akwai kuma wanda yake zaune shi kaɗai, da 'yar mitsitsiyar kokwamba mai ƙayoyi a gindinsa. Wannan shi ne macen, shi ke zama abin da kake kai wa kasuwa. Abin da kake tsinta a ƙasa kusan duka maza ne da suka gama aikinsu.

Garin barbarar kokwamba yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Sai ƙudan zuma ya shiga namiji ya fito ya shiga mace, kuma shiga ɗaya ba ta isa. Macen tana buƙatar ziyara wajen 8 zuwa 12 a cikin yinin nan ɗaya tak da take buɗe, in ana so 'yar ta miƙe ta cika. Na taɓa shiga wata gona a bakin gulbin Rima na tarar an sa yara suna bin kunya suna tsinke mazan, ana biyansu lada. 'Yan matan furen da ke gonar duk suka yi rawaya suka zube, waɗanda suka tsira kuma suka fito a tanƙware. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin mai gonar ya kashe kuɗinsa ne a kan shawarar da aka ba shi da kyakkyawar niyya.

To me ya sa taka ta yi maza da yawa? Kowane ƙullin fure a jikin kokwamba yana farawa da kayan namiji da na mace gaba ɗaya. Tun yana ƙanƙane, ido bai iya ganinsa sosai, ake tsayar da ɗaya a bar ɗaya ya girma. Abin da ke yanke wannan hukunci wata iska ce da shukar take yi a jikinta, sunanta etilin, ita ce dai iskar da nunanniyar ayaba ke fitarwa har ta nunar da ɗanyar da ke kusa da ita. Ƙullin da ya sami etilin isasshiya a kan kari ya zama mace, wanda bai samu ba ya zama namiji. Sanyin dare da gajeren yini suna karkata shukar wajen mata. Zafi da dogon yini suna karkata ta wajen maza, haka ma ƙishirwa da cunkoso da ƙarancin taki.

Ka auna wannan da Sakkwato. Bambancin tsawon yini a wurinmu bai da yawa: wajen awa 11 da minti 20 a Disamba, kusan awa 13 a Yuni. Zafi ne babban abin. Kokwambar maƙwabcinka ta ƙulla furenta a ƙarshen Nuwamba da Disamba, dare da sanyi. Taka ta ƙulla nata a Maris zuwa Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, dare ma ba ya hucewa, alhali ita wannan shukar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30. Ka kuma lura, furen da ya buɗe yau an yanke hukuncinsa tun makonni biyu ko fiye da suka wuce. Duk gyaran da ka yi yau sai bayan irin wannan tazarar za ka ga amfaninsa, don haka kada ka yi saurin fid da rai.

Akwai kuma tsarin da shukar take bi ko ba zafi. Gaɓoɓin farko na uwar yaɗo maza suke fitarwa, su riga mata da mako ɗaya ko kwana 10. Daga nan sai a gauraya, can gaba mata su yi rinjaye. Rassan gefe sun fi uwar yaɗo yawan mata. Zafi yana tsawaita wannan zangon farko na maza ne.

Ga abin da zan yi in gonar tawa ce. Zan ɗaura tsumma a kan shuka 10, in ƙirga furen gaɓa 20 na farko a kowace, in san mata nawa ne. In matan ne babu, sai in tsinke kan uwar yaɗo don rassan gefe su fito, in rage tazarar ban-ruwa yadda ƙasa ba za ta taɓa bushewa ƙayau ba, in shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi a gindi don ƙasa ta yi sanyi, in ba ta taki kaɗan-kaɗan. In kuwa matan suna nan amma suna yin rawaya suna faɗuwa, to matsalar barbara ce ko tsananin zafi. A nan sai ka duba lokacin feshinka. Maganin ƙwari da safe yana kashe zuma a daidai lokacin da take aiki. Ka mayar da feshi yamma liƙis, bayan fure ya rufe. Kuma kada ka bar 'ya'ya su tsufa a jiki, domin shukar da ke ciyar da babbar kokwamba mai iri tana zubar da ƙananan da ke bayanta.

Maganin feshin da aka gaya maka gaskiya ne akwai shi. Sunansa etefon, in ya shiga ganye sai ya saki etilin, kuma tun 1968 masu bincike a Amurka suka nuna yana ƙara wa kokwamba furen mata. Sai dai ana fesa shi ne tun shuka tana da ganyen gaske 2 zuwa 4. Taka ta wuce nan da nisa. In aka zarce awo kuma yana tsugunar da shuka, gaɓoɓi su gajarce, fure ya zube. Ban ba ka shawarar ka saye shi bana ba. Baɗi in kana so, ka gwada a fangali biyu tare da malamin gona, da magani mai rajistar NAFDAC, ka bi awon da ke jikin kwalba. Amma abin da ya fi wannan sauƙi da araha shi ne ka ware wa kokwamba wurinta tun Oktoba ko Nuwamba, kada ta jira albasa ta tashi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a fannin aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mun karanta cewa a mutum kuromosom X da Y ne ke raba namiji da mace, kuma an ce gwanda da dabino ma haka suke. To kokwamba fa, da namiji da mace suke jiki ɗaya? A littafinmu an rubuta F da M da A kawai, an ce mu haddace. Ina so in gane abin da suke yi.
Daga wata ɗaliba, Sakkwato

AMSA: 'Yata, Allah ya ƙara basira. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin hadda ba ta kai mutum gona.

Kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da gado a cikin jikin mai rai. Dabino da gwanda suna da kuromosom na jinsi, shi ya sa tun daga ƙwallo an riga an gama: wannan itace namiji ne, wancan mace. Giginya da goruba ma kowace bishiya da jinsinta. Kokwamba ba ta da irin wannan kuromosom ko ɗaya. Kuromosom 14 gare ta, wato tagwaye 7, kuma ƙullin namiji da na mace da ke kan yaɗo ɗaya gadonsu iri ɗaya ne sak. Bambancin yana wajen wace ƙwayar gado aka kunna a wannan ƙullin, wace aka kashe, kuma a wane lokaci. Masu bincike a Jami'ar Peking sun raba girman furen kokwamba zango 12 a shekarar 2004. Har zango na 5 ba a bambanta ƙullin da zai zama namiji da wanda zai zama mace. Daga na 6 ne ɗaya ɓangaren ke tsayawa.

Fara da yadda ake yin etilin, don duk sauran a kansa suke. Shuka tana ɗaukar sinadarin metiyonin ta mayar da shi wani sinadari mai suna SAM, ta mayar da SAM ya zama wani mai suna ACC, sannan ACC ya zama etilin. Shang Fa Yang da ɗalibinsa Douglas Adams ne suka gano matsayin ACC a wannan jerin a 1979, a Kalifoniya. Enzayim, wato sinadarin da ke juya wani sinadari ya zama wani, shi ke wannan aiki: wanda ke yin ACC sunansa ACS, wanda ke ƙarasa shi ya zama etilin kuma ACO. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne F da M da A ɗin da aka ce ki haddace, dukansu ukun ƙwayoyin gadon ACS ne. Enzayim iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma kowace da wurin da take tashi da lokacinta, sai sakamakon ya bambanta.

A ita ce ACS11. Tana tashi a jijiyoyin abinci da ke gindin ƙullin da zai zama mace. Akwai wata ƙwayar gadon kuma, WIP1, wadda ba ta yin etilin. Aikinta ta hana mahaifar fure girma. Ki ɗauka WIP1 ita ce ƙasar da mai ban-ruwa ya toshe bakin fangali da ita, etilin ɗin ACS11 kuma fartanyar da ke buɗe toshiyar. Inda ACS11 ta tashi, WIP1 ta kwanta, mahaifa ta girma. Inda ba ta tashi ba, WIP1 na nan daram, mahaifa ta tsaya, fure ya zama namiji. Shi ya sa shukar da A ɗinta ta lalace ta ɓangaren uwa da uba, wadda ake rubutawa aa, maza zalla take yi. Ƙungiyar Abdelhafid Bendahmane a Faransa ce ta bayyana wannan a 2015, da Adnane Boualem a kan gaba. A 2016 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna cewa in ACO2 ta lalace ma maza zalla ake samu, wanda ya dace da hankali, tunda ACC ba ya amfani sai an ƙarasa shi.

Girman mahaifa kaɗai bai sa fure ya zama mace ba, sai an tsayar da kayan namijin da ke cikinsa. Wannan aikin M ne, wato ACS2, wadda ke kan kuromosom na 1. Tana tashi a cikin ita mahaifar bayan WIP1 ta kwanta, etilin ɗin da ta yi kuma ya tsayar da sandunan garin barbara. In M ta lalace, wato mm, mahaifa za ta girma, sandunan ma su girma, sai a sami fure mai jinsi biyu. 'Ya'yan irin wannan furen gajeru ne masu zagaye. Akwai wata tsohuwar kokwamba da ake kira Lemon, haka take. An tabbatar da cewa M ita ce ACS2 a 2009, ƙungiyoyi biyu, ta Faransa da ta Sin, kowace da nata binciken. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da daftarin farko na rubutun gadon kokwamba ƙarƙashin jagorancin Sanwen Huang, aka ƙiyasta tsawonsa duka ya kai haruffa wajen miliyan 367, ƙwayoyin gado sama da 26,000.

F ce ta fi taɓa aljihun manomi. Ita ba lalacewa ta yi ba, ƙari aka samu. Kokwamba ta gama-gari tana da ACS1 guda ɗaya a kan kuromosom na 6. A wasu irin, wani yanki mai tsawon haruffa wajen 30,200 ya maimaita kansa, aka sami kwafi na biyu da ake kira ACS1G. Tova Trebitsh da Jack Staub da Sharman O'Neill suka fara ganinta a 1997, girman yankin kuma aka auna shi a 2015. Wajen maimaituwar, kwafin ya faɗa ƙarƙashin wani makunni na daban, sai ya zama yana tashi da wuri a kusan kowane ƙulli, ba ya jiran ACS11. Kowane ƙulli ya sami etilin, kowane fure ya zama mace.

Yanzu ki haɗa su da kanki. Mai M da A lafiyayyu, ba F: maza da mata a jiki ɗaya, ita ce kokwambar da muka saba, irin su Marketmore da Poinsett. Mai F da M: mata zalla ko kusan haka. Mai mm ba F: maza da masu jinsi biyu. Mai mm da F: masu jinsi biyu zalla. In kin riƙe tambayoyi biyu, shin mahaifa ta sami izinin girma, shin an tsayar da sandunan namiji, ba ki da buƙatar haddace jadawalin.

Wani abin da nake so ki lura da shi, domin ya shafi ƙasarmu: F ba ta da cikakken rinjaye. Shuka mai FF, wadda ta gaji F ta uwa da uba, tana tsayawa a kan mata ko da yanayi ya canza. Mai Ff kuwa, wadda ta gaje ta ta ɓangare ɗaya, in zafi ya matsa mata, sai ta koma fitar da maza a gaɓoɓin farko. Iri mai aure, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu daban, da yawansa Ff ne. Wanda aka gwada a ƙasa mai sanyi aka rubuta masa "yawanci mata" zai iya zuwa Goronyo ko Wurno a watan Afrilu ya nuna wani hali. In kina neman abin da za ki yi aikin kammala karatu a kansa, ga shi: ki shuka iri uku ko huɗu a Nuwamba da Janairu da Maris, ki ƙirga jinsin fure gaɓa-gaɓa, ki ajiye ma'aunin zafi a gonar. Ba ya buƙatar injin miliyoyi, kuma manoman fadama za su amfana da sakamakon kai tsaye.

Ita WIP1 an fara gano ta ne a 2009 a jikin 'yar'uwar kokwamba, wato dangin gurji da malo, inda wani guntun gado mai tsalle ya sauka kusa da ita ya kashe ta, shukar ta zama mata zalla. A 2017 masu bincike a Sin suka kashe ta da gangan a kokwamba da fasahar gyaran ƙwayar gado ta CRISPR, suka sami shuka mai furen mata.

TAMBAYA: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida a Arkilla. Ɗana ya kawo mini fakitin irin kokwamba mai tsada. Da na buɗe sai na ga wasu 'yan ƙwayoyi launinsu ya bambanta, na zaci gurɓatattu ne na tsince su na zubar. Ta yi furen mata da yawa amma 'ya'yan ba su zauna ba, sai kaɗan. Daga kaɗan ɗin na ajiye iri. In shuka shi?
Daga wata uwa, Arkilla

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Waɗannan 'yan ƙwayoyin da kika zubar da gangan aka saka su. Irin da ɗanki ya kawo mai furen mata ne, to wa zai ba su garin barbara? Shi ya sa kamfani ke gauraya masa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kokwamba ta gama-gari mai yin maza, a rina ta da wani launi don mai shuka ya tabbata ta shiga kowace kunya. Nan gaba ki shuka su tare. In kuma kin sake samun kanki a wannan hali, ki shuka 'yan gindi kaɗan na kokwamba ta gama-gari a gefe, ki riga da ita da kamar mako ɗaya. A ƙaramin lambu irin naki kina ma iya yin aikin zuma da hannunki: ki tsinki namijin da ya buɗe da safe, ki cire masa ganyen furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen.

Ki riƙa duba bayan fakiti, domin akwai wani nau'in dabam da ke yin 'ya'ya ba tare da barbara ba sam. Shi ake shukawa a cikin rumfar leda ko ta raga inda zuma ba ta shiga. Wannan ba a sa masa maza, in ma zuma ta kai masa gari sai 'ya'yan su kumbura ta ƙasa su ɓata siffa.

Kina iya tambaya, shukar da ba ta yin namiji, ta ina ake samun irinta? Wannan ita ce matsalar da ta daɗe tana hana masu kiwon iri sakat. C. E. Peterson na Jami'ar Jihar Mishigan ya fitar da layin farko mai mata zalla a 1960, MSU 713-5, daga wani iri da aka samo a Koriya, kuma a shekarar ce ya nuna cewa in an fesa wa irin wannan shukar sinadarin jibaralin tana fitar da maza. Daga 1976 aka gano cewa ruwan gishirin azurfa yana toshe wurin da shuka ke jin etilin. Etilin na nan, amma ƙullin bai san da ita ba, sai ya zama namiji. Da waɗannan mazan ake barbarar layin da kansa a adana shi. Wannan aikin masu samar da iri ne, ba a yin sa a kan kokwambar da za a ci.

Irin da kika ajiye zai tsiro, zai kuma yi 'ya'ya, amma ba zai maimaita uwarsa ba. In uwar Ff ce, garin da ya same ta kuma daga kokwamba ta gama-gari ya zo, wajen rabin 'ya'yan za su ɗauko F, rabi ba za su ɗauko ba. Tsawo da launi da juriyar cuta ma haka za su rarrabu. Don cin gida ba laifi ki shuka, har ma kin huta da neman maza. Ki dai tabbata daga kokwambar da ta nuna sosai har ta yi rawaya kika cire shi, domin irin ɗanya ba ya da ƙwari. In kina son wanda za ki riƙa ajiyewa shekara da shekaru yana fitowa iri ɗaya, ki nemi wanda ba mai aure ba, kamar Marketmore.

TAMBAYA: Malam, kokwambata ta yi ɗaci. An ce don na shuka ta kusa da gurji da duma ne, sun yi mata barbara. Haka ne?
Daga wani manomi, Wurno

AMSA: Malam, ba haka ba ne. Kokwamba kuromosom 14 gare ta, gurji 24, duma da kankana 22 kowanne. Garinsu ba ya ƙulla iri a jikinta. Ko da tsakanin kokwamba da kokwamba ne, garin uba yana shafar ƙwayar irin da ke ciki ne, naman da kake ci kuwa jikin uwa ne.

Ɗacin daga wani sinadari yake, kukurbitasin, wanda shukar ke yi don kare kanta daga masu cin ta. Kakar kokwamba ta daji, wadda har yanzu take fitowa a Indiya a gindin duwatsun Himalaya, ɗaci gare ta ƙwarai. Manoman farko sun yi ta zaɓen marasa ɗaci, kuma binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa abin da suka zaɓa, ba tare da sun sani ba, shi ne shukar da makunnin ɗacin 'ya'yanta, wata ƙwayar gado mai suna Bt, ya yi rauni. A wasu irin makunnin bai mutu gaba ɗaya ba, in shuka ta wahala sai ya farka. Ƙishirwa tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, haka ma zafi ko sanyin da ya wuce kima. Ka daidaita ban-ruwa, kada ka bar ta ta yi yaushi sannan ka malale ta. Ɗacin ya fi taruwa ta wajen kara da ƙarƙashin ɓawo, saboda haka wadda ɗacinta kaɗan ne a yanke gindin a fere ta. Wadda ta yi ɗaci ƙwarai har cikin nama a zubar da ita, kada a ci kada a ba yara, domin tana ɓata ciki. In ka ga gindi ɗaya ne ke ba da masu ɗaci alhali sauran lafiya lau, ka tuge shi, kuma kada ka ajiye iri daga gare shi.